Dirhamin Samarƙandi a Gonar Manomin Suwidin



Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya ɗauki karatun Risala ya ji sunan dirhami har kunnensa ya saba. A babin zakka an gaya masa azurfa ba ta cika nisabi sai ta kai dirhami 200, sannan a fitar da biyar. A babin aure an gaya masa mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Har gobe in an zo ɗaurin aure za ka ji waliyyai suna tambayar nawa rubu'u dinar ya kama a wannan wata. To amma cikin dubban malaman da ke karantar da waɗannan babuka, daga Sakkwato har Damagaram, mutum nawa ne suka taɓa ɗora dirhami na ainihi a tafin hannu, suka ji nauyinsa, suka karanta abin da ke jikinsa?

Abin da zai ba ku mamaki shi ne inda ake tono shi. A tsakiyar tekun Baltik akwai wani tsibiri na ƙasar Suwidin da ake kira Gotland, ƙasar sanyi da ƙanƙara, inda ba a taɓa kafa daular Musulunci ba. A shekarar 1999, a gonar Spillings da ke wannan tsibiri, aka tono azurfa mai nauyin kilo 67, a cikinta da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan dukkansu dirhamomin ƙasashen Musulmi ne. Wannan taska ɗaya ce tak cikin ɗaruruwan da aka gano a tsibirin. Ita an binne ta wajejen shekarun 870, don haka mafi yawanta kuɗin Abbasiyawa ne. Ambaliyar azurfar da ta biyo baya, daga shekarar 900 zuwa sama, ta fito ne daga wata daula guda, daular Samaniyawa, kuma kuɗinta nake so mu tattauna a yau.

Kafin nan, kalma biyu kan asalin siffar dirhamin. Musulmin farko da kuɗin Farisa da na Rumawa suka yi ciniki, masu ɗauke da kan sarki da wurin bautar wuta ko gicciye. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan na Banu Umayya shi ya kawar da hotuna, ya fitar da dinari mai zallar rubutu a shekara ta 77 bayan hijira, dirhamin azurfa kuma ya biyo baya a shekara ta 79. Ba kowa ya yi na'am ba a lokacin. Masanin tarihi Balazuri ya ruwaito cewa wasu fuƙaha'u sun ƙyamaci dirhamin da gwamna Hajjaju ya buga saboda ayoyin Alƙur'ani da ke jikinsa, tunda mai tsarki da marar tsarki duk za su taɓa shi. Duk da haka siffar ta zauna, ta kuma ɗauki ɗaruruwan shekaru.

Su Samaniyawa zuriyar wani basarake ne Bafarishe mai suna Saman Khuda, daga yankin Balkh, wanda ya musulunta a zamanin Umayyawa. Wajejen shekarar 819, a zamanin Halifa Ma'amun, aka naɗa jikokinsa huɗu gwamnoni: Nuhu a Samarƙandi, Ahmad a Fargana, Yahaya a Shash, wato Tashkent ta yau, Ilyasu kuma a Hirat. Wanda ya mayar da gidan cikakkiyar daula shi ne Isma'il ɗan Ahmad, da ya yi mulki daga 892 zuwa 907, ya zauna a Bukhara, ya kuma karya abokin gabarsa Amru ɗan Laisi a kusa da Balkh a shekarar 900. Kada sunayen nan su yi muku nisa. Ƙasar Imamul Bukhari ce, wanda ya rasu a shekarar 870 a ƙauyen Khartank kusa da Samarƙandi lokacin garin na hannun wannan gida. A ɗakin karatun fadar Bukhara Ibnu Sina ya sha ilmi bayan ya yi wa sarki Nuhu ɗan Mansur magani. A ƙarƙashinsu aka mayar da Tarihin Ɗabari da Tafsirinsa zuwa Farisanci. Daular ta faɗi a shekarar 999 da Turkawan Ƙarakhani suka shiga Bukhara, amma ƙasar Tajikistan har yau kuɗinta somoni sunansa, don tunawa da Isma'il, kuma somoni ɗaya diram 100 ne.

Yanzu mu ɗauki dirhami guda mu karanta shi tare. Siriri ne, faɗinsa ya kusa santimita uku, nauyinsa wajejen giram uku. Ba zubi aka yi masa ba. Faifan azurfa ake ɗorawa tsakanin hatimai biyu na ƙarfe a rafka masa guduma, shi ya sa da wuya ka sami biyu da suka fito daidai wa daida. A fuskarsa ta farko, a tsakiya, kalmar tauhidi ce cikin layi uku. Kewaye da ita akwai zobe biyu na rubutu. Na waje aya ce daga farkon Suratur Rum. Na ciki shi ne zuciyar al'amarin, domin nan aka fara da sunan Allah aka ce an buga wannan dirhami a gari kaza, a shekara kaza, kuma shekarar da kalmomi aka rubuta ta, ba da lambobi ba. Ka juya bayansa, ka ga shaidar manzanci, ƙarƙashinta sunan halifan Bagadaza, ƙarƙashin wannan sunan sarkin Samaniyawa, a kewaye kuma aya ta 33 ta Suratut Tauba.

Ku duba abin da ɗan faifan nan ya ƙunsa: gari, shekara, halifa, sarki. A wancan zamanin yawancin kuɗin sarakunan Turai ba su ɗauke da shekara ko kaɗan. Shi ya sa masu binciken tarihin Suwidin da Rasha suka dogara da kuɗin Musulmi wajen sanin shekarun kaburbura da kasuwannin kakanninsu.

Kuma ba ado aka jera sunayen ba. A wancan lokaci alamar mulki biyu ce, ambaton suna a huɗubar Juma'a da buga suna a jikin kuɗi. Samaniyawa ba su taɓa kiran kansu halifofi ba, sun tsaya a amirai, suna ɗora sunan halifa sama da nasu ko da yake ba ya iya juya su. Ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. A shekarar 945 Banu Buwaihi suka kama Bagadaza, shekara mai zuwa suka tsige Halifa Mustakfi, suka makantar da shi, suka ɗora Muɗi'u. Sarki Nuhu ɗan Nasru a Bukhara ya ƙi amincewa da wannan naɗi. Shekara da shekaru gidajen buga kuɗinsa suka ci gaba da fitar da dirhami da sunan tsigaggen halifan. Marubucin tarihi na iya son zuciya, na iya mantuwa, mai kwafe littafi na iya tsallake layi. Wannan kuwa shaida ce da aka buga a cikin shekarar da abin ya faru, ta kuma iso mana ba wanda ya yi mata gyara. Mai riƙe da irin wannan dirhami yana riƙe da matsayin siyasar wata daula a hannunsa.

To yaya aka yi ya je ƙasar ƙanƙara? Allah ya hore wa Samaniyawa ma'adinan azurfa, a kwarin Panjshir na Afganistan ta yau da kuma duwatsun da ke kusa da Shash. Gidajen buga kuɗi na Samarƙandi, Shash, Balkh da Andaraba suka yi ta aiki. Ayarin raƙuma na ɗaukar kuɗin ta Khuwarizm, su keta hamada zuwa birnin Bulgar a bakin kogin Bolga. Can suke haɗuwa da mutanen arewacin Turai, waɗanda Larabawa suka kira Rus, Turawa kuma ke kira Baikin, da suka gangaro cikin jiragen ruwa. Ahmad Ibnu Fadlan, wanda ya bar Bagadaza a shekarar 921 cikin tawagar Halifa Muƙtadir ya isa Bulgar a 922, ya gan su da idonsa. Ya ba da labarin cewa duk lokacin da namiji a cikinsu ya mallaki dirhami 10,000 sai ya ƙera wa matarsa abin wuya guda, in dukiyar ta ninka ya ƙara mata wani.

Abin da suke kawowa kuwa fatun dabbobin sanyi ne, da zuma, da kakin zuma, da takubba, da bayi. Ban yarda a tsallake wannan na ƙarshe ba. Wani kaso na azurfar da ke kwance a gidajen tarihin Turai farashin mutane ne, maza da mata da aka kamo daga ƙauyukansu aka kai kasuwa. Mai son tarihi da gaske ya san wannan yayin da yake yaba kyan rubutun.

Akwai wani abu kuma da Ibnu Fadlan ya lura da shi a Bukhara. Mutanen garin da wani dirhami daban suke harkarsu, wanda ake kira Giɗrifi, na tagulla da gaurayen ƙarafa, har sadaki da shi suke yankewa. Narshakhi, mai tarihin Bukhara, ya ce mutanen garin da kansu suka roƙi gwamna Giɗrif ɗan Aɗa'u, a zamanin Haruna Rashid, ya buga musu kuɗin da baƙi ba za su kwashe su fitar ba. Mai kyau na ta tafiya arewa, na banza ya zauna gida. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa yau ake samun dirhamin Samarƙandi jibge a Rasha da Suwidin.

Su mutanen arewan ba su karanta Larabci, kuma ba ƙirga kuɗin suke ba, auna shi suke a ɗan ma'auni mai naɗewa. In ciniki ya buƙaci rabin dirhami sai su datse shi da wuƙa. In suna shakkar azurfar sai su ƙarce ta da tsinin wuƙa su gani. Wasu su huda su rataya a wuya. Duk waɗannan tabo suna nan a jikin kuɗin har yau, kuma gare ni ba aibi ba ne, sawun tafiya ne.

A shekarar 2007, kusa da garin Harrogate a arewacin Ingila, wani uba da ɗansa masu yawo da na'urar gano ƙarfe suka tono wata ƙaramar tukunya ta azurfa cike da tsabar kuɗi 617, cikinsu har da dirhamin Samarƙandi. Ba su zazzage ta ba, ba su wanke ba. Suka kai rahoto yadda dokar Ingila ta 1996 ta tanada. Masana suka buɗe tukunyar sannu a hankali, suka gane an binne ta wajejen 927 zuwa 928. An ƙiyasta darajarta sama da fam miliyan ɗaya, aka raba tsakanin masu tonon da mai gona, kayan kuma suka tafi gidan tarihi inda kowa zai gani. Da a ce sun sayar da su ɗaiɗai a ɓoye, da kowane dirhami yana nan a aljihun wani, amma ilmin ya tafi har abada. Domin taska ana karanta ta ne gaba ɗaya: kuɗin da ya fi kowanne sabunta shi ke nuna lokacin binnewa, haɗuwar kuɗin garuruwa daban-daban kuma ita ke nuna hanyar da fatake suka bi.

Mu zo ga masu tarawa. Mutane da yawa na jin an ce tsohon kuɗi sai su hango miliyoyi. Gaskiya ne a shekarar 2019 an yi gwanjon wani dinarin zinariya na Umayyawa, bugun shekara ta 105 bayan hijira, a Landan kan fam miliyan 3.7. Amma wannan irinsa 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya. Dirhamin Samaniyawa na yau da kullum, saboda yawan da aka buga, 'yan gomman daloli ne a kasuwar masu tarawa, bai kai kuɗin matsakaiciyar wayar hannu ba. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abin da ke sa ta ƙarancin garin da aka buga ne, ko shekarar, ko sarkin da bai daɗe ba, sai kuma fitowar rubutu. Wanda ya shiga harkar don ya yi arziki da wuri zai sha takaici. Wanda ya shiga don ya sani, shi kam ya sami abin yi har tsufansa: wani ya ɗauki gari guda, a ce Shash, ya bi shi shekara bayan shekara, wani ya nemi kowane sarki ɗaya, wani ya bi manyan dirhamomin ƙarshen daular, na yankin Andaraba da Badakhshan, masu nauyin dirhami uku ko huɗu.

A nan nake jin ciwon abin. Bature mai tara waɗannan kuɗaɗe sai ya sha wahalar koyon baƙaƙen Larabci tukuna, ya riƙe littafin Stephen Album na jerin kuɗaɗen Musulunci yana dubawa. Ɗanmu da ya tashi da allo, ya saba da rubutun Alƙur'aninmu na Warshu wanda salonsa ya samo asali daga rubutun Kufa, ya kuma haddace Tauba da Rum, cikin ɗan lokaci zai fara karanta dirhamin nan. Abin da zai ɗan ba shi wuya rashin ɗigo ne, don a wannan rubutu bakwai da tara, saba'in da tis'in, kusan siffarsu ɗaya, sai ya duba sunan halifa da na sarki kafin ya tantance shekarar. Ƙwarewar da ake nema muna da ita a kowace unguwa, ba mu dai san ana nemanta ba. Ina ganin ya dace sassan tarihi da na Larabci a jami'o'inmu, da manyan makarantun Islamiyya, su mallaki ko da dirhami goma na halal, ɗalibai su taɓa, su auna, su ga inda lissafin giram 595 na nisabin azurfa ya samo tushe. Gani ya kori ji.

Wanda Allah ya sa irin wannan kuɗi ya shigo hannunsa, roƙona na farko kada ya wanke shi. Mun saba in azurfa ta yi baƙi a dirje ta da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli. A tsohon kuɗi wannan garin gyaran gira a rasa ido ne. Duhun da ke jikinsa shekara dubu ya ɗauka yana taruwa, masu saye na ganinsa a matsayin shaida, dirzawa kuma na cinye siraran haruffan da ke ɗauke da gari da shekara. A riƙe shi ta gefe, a sa shi a ɗan ambulan takarda, a nisanta shi da danshi da leda mai laushi.

Sai jabu. Yawancinsa zubi ne, shi ya sa in ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga 'yan ƙuraje a fuskarsa, haruffan sun yi dusu-dusu, wani lokaci da layin haɗi a gefe. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, amma tagulla ma ba ta bi, don haka kada wannan gwaji ya ruɗe ka. In mai sayarwa ya fito da guda biyar iri ɗaya sak, har lanƙwasarsu da tabonsu ɗaya, to daga tukunyar zubi ɗaya suka fito. Sai dai a bambanta jabun yau da kwaikwayon da. Mutanen Bulgar sun buga nasu dirhamin suna kwaikwayon na Samaniyawa, wani da rubutu a hargitse, kuma wannan shi ma kayan tarihi ne mai daraja. A taskar Spillings ma an sami wani kwaikwayo na Khazarawa, waɗanda sarakunansu suka shiga addinin Yahudu, da aka sa sunan Annabi Musa a jikinsa.

Mu a ƙasar Hausa da kuɗin wuri kakanninmu suka yi ciniki, ba su buga kuɗin azurfa ba. Azurfar da ta shigo mana, irin dalar Mariya Tereza mai shekarar 1780 da sulallan zamanin Turawa, da yawanta ta ƙare a maƙerar farfaru, ta zama zobe da munduwa. Ba na zargin maƙeri, sana'arsa yake yi. Amma ina roƙon 'yan uwa masu wannan sana'a, a Kano ko Zariya ko Agadas, in aka kawo muku tsohon kuɗi mai rubutun Larabci, ku dakata kafin ku hura wuta. Azurfar da ke cikinsa giram uku ce kawai, rubutun da ke kansa kuwa in ya narke ba mai dawo da shi.

Magana mafi nauyi ita ce ta asali. Ƙasashen da wannan kuɗi ya fito sun sha yaƙi. A shekarun 1990, lokacin yaƙin basasa, an wawushe gidan tarihin Kabul, dubun dubatar tsabar kuɗin da ke ajiye a ciki suka watse a kasuwannin duniya. A Iraƙi da Siriya an bi tsoffin kufai an farfasa da diga, ana neman abin sayarwa. Mu ma mun san zafin wannan, mun ga yadda aka yi da kayan tarihin Nok. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan tarihin da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, amma takarda ba ta tsare rami. Mai saye shi ke tsare shi, ko shi ke sa a tona. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma ban ga yadda mutum zai ce yana girmama tarihin Musulunci alhali kuɗinsa ne ke biyan mai fasa kufan Balkh da daddare ba.

Don haka kafin ka tambayi farashi, tambayi daga ina. A hannun wa yake kafin ya zo nan? Ya taɓa fitowa a kundin wani gwanjo, ko a wata tsohuwar ajiya da aka sani? Akwai izinin fitar da shi daga ƙasarsa? In ka saya, rubuta komai a jikin ambulan: garin bugu, shekara, halifa, sarki, nauyi, wurin wanda ka saya da ranar da ka saya, ka kuma ɗauki hoton fuskokinsa biyu. Magadanka za su san abin da ka bar musu, mai bincike ma zai iya amfani da shi. In kuwa mai sayarwa ya fara kame-kame, ko ya ce maka sabon tono ne ba wanda ya sani, mayar masa da kayansa. Samarƙandi da Shash sun buga dirhami da yawa, za ka sami wani wanda takardarsa ke tare da shi.